Dalilin da ya sa Faransa ke biyan manoman Bordeaux su tumɓuke inabinsu

A al'ada gwamnati kan ba manomi tallafi ne domin ya ƙara shuka. A yankin Bordeaux da ke kudu maso yammacin Faransa kuwa, tun daga shekarar 2023 ana biyan manoma kuɗi domin su tumɓuke itatuwan inabin da suka gada kaka da kakanni. Akasarin masu karanta wannan shafi ba su da hulɗa da giyar inabi, domin addini ya haramta ta. Duk da haka, yadda kasuwa ta juya wa wannan yanki baya abin nazari ne ga duk mai saye da sayarwa, da duk mai hannu a tsara manufofin gwamnati.

Sunan Bordeaux ya daɗe da kafuwa. A 1855, bisa umarnin Sarki Napoleon na Uku, aka jera manyan gidajen giyar yankin daraja-daraja domin baje kolin duniya da aka yi a Paris, kuma har yau da wannan jeri ake ciniki. Sai dai gidaje irin su Lafite da Margaux 'yan ƙalilan ne. Mafi yawan manoman ƙanana ne, musamman a shiyyar Entre-deux-Mers, masu sayar wa dillalai giyarsu a ganga kan farashin da sau da yawa ba ya mayar da kuɗin noma. Su ne suka yi zanga-zanga a birnin Bordeaux a Disambar 2022, suna neman a biya su su bar sana'ar.

Tushen matsalar yana kan teburin cin abinci. Fiye da kashi 80 cikin 100 na giyar Bordeaux ja ce, ana haɗa ta daga nau'o'in inabi uku: Merlot, wanda ya fi yawa, sai Cabernet Sauvignon da Cabernet Franc. Giya ce mai nauyi da bauri, wadda Faransawa suka saba sha da jan nama, kamar gasasshen ɗan rago na Pauillac ko naman sa. Farar giyar yankin, ta inabin Sauvignon Blanc da Sémillon, ita ce abokiyar kifi da kawar teku ta Arcachon, yayin da mai zaƙi ta Sauternes ke tafiya da cukun Roquefort. Wato kowace kwalba tana da abincinta, kuma jar giya ta dogara ne ga doguwar walimar iyali da ake zama a ci nama a tsanake. Wannan zama ya ja baya. Matasa na cin abinci a tsaitsaye, sun rage jan nama, sun karkata ga abin sha mara nauyi ko mara maye sam. A shekarun 1960 abin da Bafaranshe ke sha a shekara, bisa matsakaicin lissafi, ya haura lita 100; yanzu bai kai rabin haka ba. Hukumar inabi ta duniya, OIV, ta ce abin da aka sha a duniya a 2024 shi ne mafi ƙanƙanta tun 1961.

Kasuwar waje, wadda ta daɗe tana rufa asiri, ita ma ta yi sanyi. Akwai lokacin da Caina ta zama babbar mai sayen giyar Bordeaux, har attajiranta suka sayi gonaki da dama a yankin. Yaƙi da almubazzarancin jami'an gwamnati da Shugaba Xi Jinping ya ƙaddamar, sannan annobar korona da tafiyar hawainiyar tattalin arziki, suka karya wannan ciniki. A Amurka kuma, gwamnatin Donald Trump ta ɗora harajin kashi 25 kan giyar Faransa a Oktoban 2019 saboda rikicin tallafin kamfanin jiragen Airbus, rikicin da manomin inabi ba shi da hannu a ciki. An dakatar da harajin a 2021, amma a 2025 wani sabo na kashi 15 ya hau kan kayan Tarayyar Turai.

Ga kuma sauyin yanayi. Sanyin ƙanƙara na watan Afrilun 2017 da na 2021 ya ƙone toho, cutar fumfuna ta yi ɓarna a 2023. Zafi na sa Merlot nuna da wuri, sukarinsa ya yi yawa, giyar ta ƙara ƙarfi a daidai lokacin da masu saye ke gudun mai ƙarfi. Shi ya sa a 2021 hukumomi suka amince a gwada sababbin nau'o'i shida, ciki har da Touriga Nacional na ƙasar Fotugal da Marselan, masu jure zafi. An iyakance su ga kashi 5 na gona da kashi 10 na haɗin da ke cikin kwalba, don kada ɗanɗanon da aka san yankin da shi ya ɓace.

Matakan gwamnati biyu ne. A 2023 ta ware kimanin Yuro miliyan 200 domin sayen rarar giya a mayar da ita sinadarin masana'antu, irin wanda ake yin turare da man tsabtace hannu da shi. Sannan aka tsara tumɓuke kusan hekta 9,500 a yankin Bordeaux kan Yuro 6,000 kowace hekta, kafin a 2024 a faɗaɗa shirin zuwa faɗin ƙasar da Yuro miliyan 120, kan Yuro 4,000 kowace hekta. Akwai dalilin lafiyar gona a ciki: gonar da mai ita ya yi watsi da ita takan zama matattarar cuta, ta harbi ta maƙwabta.

Masu goyon bayan shirin na cewa sai an rage kaya farashi zai farfaɗo. Wannan gaskiya ne, amma bai amsa tambayar wa zai ɗauki asarar ba. Itacen inabi na shafe kimanin shekara uku kafin ya fara ba da 'ya'ya, saboda haka manomin da ke son komawa ga farar giya, wadda kasuwarta ta fi tafiya, sai ya zuba jari ya jira, alhali bashin banki ba ya jira. Yuro 6,000 bai kai abin da aka kashe wajen dasa hekta guda ba. Manyan gidaje suna da suna da jarin da za su tsallake. Ƙaramin manomin da ya tsufa, ba shi da magaji, shi ne ke karɓar kuɗin ya rufe ƙofa.

Wasu sun fara dasa zaitun, wasu ƙungiyoyin gama-kai sun shiga sarrafa giyar da aka cire wa maye. Ko waɗannan za su cike gurbin da jar giya ta bari, lokaci ne zai nuna. Abin da ya tabbata shi ne alamun sauyin ɗabi'ar masu saye sun shafe shekara fiye da hamsin suna bayyana a alƙaluman Faransa, amma cinikin Caina ya sa aka ɗage gyara har ya zama sai da kuɗin masu biyan haraji.