Rancen Ɗalibai: Bashi Ne, Ba Kyauta Ba

Tun da Hukumar NELFUND ta buɗe ƙofar neman rancen karatu a watan Mayu na 2024, muke jin wata magana tana yawo a bakin samari daga Kawo zuwa Tudun Wada, cewa wai kuɗin gwamnati ne, a karɓa kawai, wata rana za a yafe. Wannan magana tana bukatar gyara tun kafin ta zama aƙida.

Ba mu ga laifin mai karɓa ba. A 2021 kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna ya tashi zuwa Naira 150,000 ga mafi yawan ɗalibai, kuma ko da Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa Naira 105,000 a 2023, ba kowane magidanci ne zai iya fitar da wannan ba tare da ya taɓa hatsin gidansa ba. Rancen kuwa ba shi da ruwa, saboda haka ya kuɓuta daga riba, wadda ita ce babbar damuwar Musulmi. Amma fa rance sunansa. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilu na 2024 ta ce za a fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na albashi. Yafewar da ta ambata ta shafi wanda ya rasu ne, ko wanda wata ƙaddara ta hana shi ikon biya.

Masu dogon buri suna kawo misalin Amurka. To, a can ma Shugaba Biden ya yi shelar yafe wa miliyoyin mutane har Dala 10,000, wasu 20,000, a 2022, sai Kotun Ƙoli ta rushe shirin a Yunin 2023. Mu a nan gida mun taɓa gani: gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar rancen ɗalibai a 1972, waɗanda suka ci moriyarta da yawa suka ƙi biya, ta durƙushe, ƙannensu da 'ya'yansu suka tarar da rijiya ƙafaffiya.

Shari'a ba ta wasa da bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta shi ta sauka. Ya kuma inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da yi wa wani mamaci salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashinsa. Gaskiya ne aya ta 280 ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma fifita yafewa. Sai dai wannan kira ne ga mai bin bashi. Wanda ake bi ba shi da ikon yafe wa kansa, kuma karɓa da niyyar ƙin biya cin dukiyar jama'a ne, ko da an kira ta baitulmali.

Don haka muke roƙon iyaye su zauna da 'ya'yansu da alƙalami da takarda kafin a cike fom. A misali, wanda aka biya masa Naira 105,000 har shekara huɗu, ya kuma karɓi kuɗin guzuri Naira 20,000 kowane wata, zai fita da bashin Naira 1,380,000. In ya sami aikin Naira 100,000 a wata, ana cire 10,000, sai ya shekara goma sha ɗaya da rabi yana biya, a daidai lokacin da ake son ya yi aure ya kama haya. Wanda gidansu yake Unguwar Rimi ko Malali, yana kwana gaban iyayensa yana cin tuwon gida, yana iya karɓar kuɗin makaranta kaɗai ya bar na guzuri, bashinsa ya tsaya a 420,000.

Saura mawadatanmu. Waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba wa zakka. Kwamitocin masallatan Juma'a, tun daga na Sultan Bello, suna iya buɗe littafi na ɗaliban unguwa da suka gama karatu aiki ya gagara, a tantance su a asirce, a riƙa sauke musu wani abu duk shekara idan an fitar da zakka.