Sojan Faransa Ya Bar Nijar, Faransanci Bai Bi Shi Ba

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB, cikin ɗaliban da ke cika shagunan kwamfuta a Sakkwato akan sami 'yan tsiraru da ransu ke son karatun harshe. A Turai irin wannan ɗalibi yakan tsaya yana auna Faransanci da Italiyanci. A wurinmu wannan awo ba ya cin lokaci, domin Italiyanci harshen babbar ƙasa ɗaya ne mai mutane kusan miliyan 60, sai wani yanki na Suwizalan, kuma babu ƙasar Afirka ko ɗaya da ke gudanar da mulki da shi. Tambayar da ke gabanmu ta fi haka nauyi. Tun da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ɗalibin da ya ce zai karanta Faransanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo amsa ɗaya yake ji a gida: "Me za ka yi da shi, bayan masu shi ma an kore su?" Ni kuwa ina ganin yanzu ne ɗan Sakkwato ya fi bukatarsa.

Masu wannan magana ba da ka suke yi ba. A Disambar 2023 sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar. A Maris na 2025 ƙasar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma a watan ne sabon kundin mulkinta ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya sauko da Faransanci matsayin harshen aiki tare da Ingilishi. Babu Bahaushen da wannan bai faranta wa rai ba. Kuma tun fil azal, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni da Tawa da Maraɗi, da Hausa ake ciniki, da ita ake neman aure. Amma mutum ya tsaya bakin iyaka ya kalli tirelar albasar Galmi da ke shirin tsallakowa. An yi ciniki da Hausa, an gaisa da jandarma da Hausa, har an yi raha. Da zarar takarda ta fito, ta duwan (kwastan) ce ko ta inshora, sai magana ta koma Faransanci. Nan za ka ga Alhaji mai kayan miliyoyi ya miƙa wa wani yaro ɗan kamasho takardunsa, yaron ya karanta, ya ɗora yatsa a kan layi, Alhaji ya sa hannu bai san abin da ya amince da shi ba. Haka abin yake a kotu da banki da wajen ƙulla kwangila. Canza matsayin harshe a cikin kundi aikin yini ɗaya ne, amma mayar da dokokin ƙasa da littattafan makaranta da takardun asibiti zuwa Hausa aikin shekaru ne, kuma ba mai iya yin sa sai wanda ya riƙe harsunan biyu da kyau. Ɗaukakar da Hausa ta samu a Nijar aiki ta buɗe wa Bahaushen da ya iya Faransanci.

Sai a dubi taswira. Benin, Nijar, Cadi da Kamaru, wato duk ƙasashen da muka haɗa iyakar tudu da su, da Faransanci gwamnatocinsu ke rubutu. Yamai ta fi Abuja kusa da Sakkwato, Ƙonni kuwa ba ta kai kilomita 100 ba. Dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da ake kira OHADA, wadda aka ƙulla a 1993, ƙasashe 17 ke aiki da ita, cikinsu har da maƙwabtan nan huɗu. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 a Yamai take zaune, Bankin Raya Afirka kuma a Abijan. Wasu na cewa ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ta rage amfanin wannan duka. Ai ƙara shi ta yi, domin abin da a da yarjejeniya ɗaya ta warware, yanzu sai an zauna an sasanta shi ɗaya bayan ɗaya, a rubuce. Fassarar wayar hannu tana iya kai matafiyi masauki, amma ba lauyan da zai yarda ya jingina sharaɗin kwangila a kanta.

Akwai kuma masu cewa ɗan birnin Shehu Larabci ya kamace shi, ba harshen 'yan mulkin mallaka ba. Ba na jayayya da darajar Larabci, shi ne harshen addininmu, da shi magabatanmu suka yi rubutu. Sai dai a tuna Daular Usmaniyya ba a Illela ta tsaya ba. An haifi Shehu Usmanu a 1754 a Maratta, wadda yau ke cikin Nijar, kuma gadon sarautar Gobir yana Tsibiri kusa da Maraɗi. Littafin Boubou Hama kan tarihin Gobir da Sakkwato, wanda ya fito a 1967, da Faransanci yake. Haka ma binciken Djibo Hamani na 1975 kan ƙasar Adar. Taskar littattafan gidan Alhaji Umaru Tal, surukin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da sojan Faransa suka kwashe daga Segu a 1890, tana birnin Paris, kuma akwai rubuce-rubucen malaman Sakkwato a cikinta. Littattafan da Larabci suke, amma jerin sunayensu da bayanansu da Faransanci aka tsara. Mai binciken da ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, rabin gadonsa kawai zai gani. Wanda ya tashi da allo da karatun zaure ya riga ya sami tushen Larabci, ƙara Faransanci a kai bai rage masa komai.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na inganci, kuma gaskiya ne. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, amma har yau makarantun sakandaren gwamnati da yawa ba su da malaminsa ko ɗaya. Yaro sai ya zo jami'a a makare, ya fita da digiri yana iya nahawu amma baki ya ƙi buɗewa, sannan a ce harshen ne ba shi da kasuwa. Laifin yana ga yadda muke koyarwa. Ana ɗaukar ɗalibi daga Sakkwato a kai shi Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991, tafiyar fiye da kilomita 1,000, don ya zauna cikin harshen, alhali akwai jami'a a Tawa, akwai a Maraɗi, inda zai shiga aji da Faransanci ya fito ya ci tuwo da 'yan'uwansa. Ya kamata Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da jami'ar jihar su nemi yarjejeniyar musayar ɗalibai da waɗannan makarantu, a riƙa tafiya gwargwadon yadda tsaron hanya ya ba da hali. Gwamnatin jiha kuma ta ɗauki waɗanda suka kammala digirin su koyar da harshen, ta fara da makarantun Illela, Gada, Tangaza, Gudu da Sabon Birni.