Yayin rigunan gashin tsuntsu ya dawo, amma kada ɓarnar da ta biyo shi ta dawo

Rigunan liyafar dare masu ado da gashin tsuntsu sun sake shiga kasuwa. A Landan da Faris da New York, masu sha'awar kayan da na bin shagunan tsofaffin tufafi suna neman irin na shekarun 1920 da 1930, wasu kuma na kai wa tela hoto ya ɗinka musu kwatankwacinsu. Shahararriya a ciki ita ce shuɗiyar rigar gashin jimina da Ginger Rogers ta sa a fim ɗin Top Hat na 1935.

Sha'awar ba laifi ba ce. Abin tambaya shi ne: gashin wane tsuntsu, kuma daga ina?

A ƙarshen ƙarni na 19, kwalliyar matan Turai ta kusa ƙarar da wasu tsuntsaye. An riƙa harbe farin zalɓe a lokacin da yake kan sheƙa, domin a sannan ne gashinsa ya fi kyau, 'ya'yansa kuma su mutu da yunwa. Wannan ya sa Emily Williamson ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a Manchester a 1889, wadda ta zama RSPB. Amurka ta yi dokar kare tsuntsaye masu ƙaura a 1918, Birtaniya kuma ta hana shigo da gashin tsuntsayen daji a 1921.

Ƙasar Hausa ma ta ɗanɗana wannan ciniki. Ayarin raƙuma sun daɗe suna kwasar gashin jimina daga Kano zuwa Tarabulus, daga can ya wuce Turai. Ingancinsa ya sa a 1911 Afirka ta Kudu ta turo tawaga arewacin Najeriya neman jiminu masu rai don inganta irin nata. Zuwa 1913, gashin jimina ne na huɗu a kayan da ƙasar ke fitarwa, bayan zinariya da lu'ulu'u da ulu. A 1914 kasuwar ta rushe: yaƙi ya ɓarke, ga shi manyan huluna ba sa zama a kai cikin buɗaɗɗiyar mota.

Yau jiminar Sahel ta ɓace daga mafi yawan dazukanta. Yarjejeniyar CITES ta sa ta Najeriya da Nijar da Chadi a rukunin farko, wanda ya haramta cinikinta tsakanin ƙasashe. A Kelle da ke jihar Damagaram, sai da aka kafa cibiyar kiwo don ceto ragowar.

Saboda haka hanya biyu ce ta dace. Ta farko, a nemi tsohuwar rigar a gyara, tunda ba za a sake taɓa wani tsuntsu dominta ba. Mai saye ya girgiza ta a hankali: in gashin na zubewa kamar gari, asu ya ci ta. In kwantawa kawai ya yi, tururi zai tashe shi. A adana ta nesa da rana da danshi.

Ta biyu, mai son sabon ɗinki ya tsaya kan gashin jiminar gona, wanda akasarinsa daga Oudtshoorn yake fitowa, ko na kaza da talotalo da aka rina. Masu kare dabbobi na sukar yadda ake figar jiminu a wasu gonaki, kuma suna da hujja. Shi ya sa tambayar tushen kaya ta zama wajibi, wanda hankalinsa bai kwanta ba kuma yana da zaɓin yadin siliki da aka tsettsefe ya yi kama da gashi.

Wasu za su ce riga ɗaya ba ta ƙarar da tsuntsu. Haka matan Landan suka ɗauka game da hula ɗaya. Duk wanda ya ga figini da takalmin gashin jimina na Sarkin Kano a hawan sallah ya san darajar wannan gashi. Mai sayarwar da ya kasa faɗin inda nasa ya fito, a bar masa kayansa.