Kayan Uhola: A Rubuta Ma'anarsu Tun Dattawa Na Raye

Duk lokacin da aka yi bikin Uhola a Zuru, hotuna kan cika Facebook da WhatsApp: samari da warkin fata, 'yan mata da jigida da duwatsun ado. Sai dai idan aka tambayi yawancin masu yaɗa hotunan me kayan suke nufi, wa ya cancanci sa su, kuma a wane mataki na rayuwa, amsar takan gagara. Wannan shi ne abin da ya dame mu.

Uhola biki ne na godiya bayan girbi a wurin Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna. A nan ne kuma ake karrama samarin da suka kammala golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai na tsawon shekaru kafin a ba shi mata. Saboda haka shigar da matashi ya yi a filin shaida ce ta guminsa. Idan ma'anar ta ɓace, abin da zai rage shi ne kayan wasan kwaikwayo.

Al'ummar Ainu ta tsibirin Hokkaido a Japan ta ga irin wannan asara. Suna saƙa riga da zaren ɓawon itace, su yi mata ado a wuya da bakin hannu da gefen ƙasa, adon da ake cewa yana tsare jiki daga mugun abu. Manufar gwamnati ta narkar da su cikin Japanawa ta raunana harshensu da al'adunsu. Sai a 2019 doka ta amince da su a matsayin 'yan asalin ƙasa, aka buɗe musu gidan tarihi na ƙasa a 2020, bayan dattawa da yawa sun tafi da iliminsu.

Bai kamata Zuru ta jira haka ba, musamman da rashin tsaro ya raba mutane da ƙauyukansu a Danko-Wasagu da Sakaba. Muna kira ga Masarautar Zuru da gwamnatin Jihar Kebbi su tura matasa wurin dattawa da masu jima, a naɗi bayanin kowane kaya da sunansa cikin harshen C'lela, a adana samfurinsa, a koyar a makarantu. Wayar da ke ɗaukar hoton Uhola za ta iya ɗaukar muryar kaka ma.