Zuwa ga Dillalan Gonaki da Filaye na Tsaskiya



Kun fi kowa sanin abin da gona ta kai a ƙasar Safana da Batsari: nawa aka taya fadama, nawa aka sallama jigawa, wane ne ya ce albarka ya koma gida. Sai dai duk wannan sani a kawunanku yake. Ran da Allah Ya karɓi ran dillali, da shi ake binne farashin gari.

Roƙona ku riƙa rubuta kuɗin gaskiya. Ana yin ciniki a kan kuɗi kaza, a zo takarda a rage, don kada kason mai unguwa da na shaidu ya yi nauyi. Wani kuma ya gaya wa mai gona kuɗi daban, mai saye daban, ya haɗa rarar da la'adarsa. Ba a ganin ɓarnar sai an je gaban alƙali. A fiƙihun Malikiyya, wanda ke tarayya a gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya karɓi kason da abokin tarayyarsa ya sayar a kan kuɗin da aka biya. To wane kuɗin, na baki ko na takarda? Haka masu rabon gado, da me za su yi wa gonar marayu ƙima?

Waɗanda suka fi cutuwa su ne mutanen bakin dajin Rugu da 'yan bindiga suka tasa. Mutum ya sayar da gandun ubansa a gaggauce don kuɗin fansa, ba shi da inda zai duba ya ga yadda maƙwabcinsa ya sayar bara.

A Ingila, hukumar rajistar filaye tana bayyana kuɗin gidajen da aka sayar tun daga 1995, kowa na iya dubawa. A nan Katsina an kafa hukumar rajistar filaye ta KATGIS, amma kafin aikinta ya iso ƙauye akwai tafiya. Dokar filaye ta 1978 kuwa ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma, don haka ƙofar tana kusa. Littafi guda ya isa, a ajiye wurin dagaci, kwafi ya tafi sakatariyar Safana: ranar ciniki, wurin gona, girmanta, kafin alƙalami da cikon kuɗi.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya: masu kai wa ɓarayi rahoto na nan, wanda aka ji ya karɓi kuɗi ba ya barci. Sai a bar sunan mai saye da mai sayarwa a takardar da ke hannunsu, littafin jama'a ya ɗauki yanki da farashi kawai, kuma a jinkirta shigar da ciniki har bayan wasu watanni.

Ku zauna da dagaci ku fara kafin cinikin kakar bana. Allah Ya sa albarka a la'adarku.