Nasiha ga Shugabannin Ciniki na Kano

Ya malamai da almajirai, ku sani a shekara ta 2016 gobara ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Sabon Gari. A 2022 kuma ruwa ya malale Kantin Kwari a Fagge, ya ɓata atamfa da shadda. Na ga majalisar 'yan kasuwa, watau KACCIMA, tana himmar bajekoli. Madalla. Amma ni a ganina, abin da ya kamata ta fara nema wurin hukuma uku ne: a yashe lambatu, a hana gini bisa hanyar ruwa, a buɗe wa motar kashe gobara hanya. Wanda jarinsa ya ƙone, me zai baje? A tsare dukiya tukuna, sa'an nan a kira baƙi.