Zancen Na'ura: Rumbu Ya Cika, Ba A Zuba Kome Ba

Tun ran 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya janye hannu daga Windows 10, kuka guda muke ta ji in an fito masallaci: an sabunta kwamfuta, sai ga rumbunta ya cika, alhali ba a zuba kome ba. Waɗansu masu gyara a Fordham Road kuwa ba su da magani sai "sayi sabon rumbu". To, a dakata tukuna.

Abin da ke faruwa shi ne, kafin na'ura ta karɓi sabon tsari ta kan ajiye inuwar yadda take, domin in sabon ya ƙi a koma tsohon. Inuwan nan da fari ba ta da nauyi. Amma duk abin da aka sake ko aka share bayanta, sai ta riƙe tsohonsa. Sabuntawa kuwa ta kan sake abubuwa dubbai a dare guda, don haka inuwar ke kumbura.

Wata hajiya daga cikinmu mai Mac ta ga rumbu ya cika, ta hau share hotunan sunan jikokinta da muryar mahaifinta da aka ɗauko a Zangon Kumasi, marigayin yana lissafa kakanni tun daga Kano. Ta share, wuri bai ƙaru ba ko kaɗan, gama inuwa na riƙe da su. Allah ya sa ɗanta ya zo da yamman nan ya buɗe Time Machine ya komo da su duka. Da an kwana biyu da shi ke nan, domin irin wannan inuwa awa 24 Mac ke riƙe ta, kuma in wuri ya matse da kanta ta kan zubar. Watau mai Mac sau da yawa haƙurin kwana ɗaya ya ishe shi. Wanda ya ƙosa ya buɗe Disk Utility, ya zaɓi Show APFS Snapshots, zai gan su a jere ya cire wadda ya ga dama.

Masu Windows, naku kaya biyu ne. Akwai Windows.old, inda aka tara tsohon tsarin ɗungum, wani sa'i ya fi gigabait 20. Bayan kwana 10 na'ura ta kan share shi da kanta. Mu dai shawararmu a bar shi ya cika kwanakinsa, a gwada firinta da duk abin da ake sana'a da shi, gama in an share shi hanyar komowa ta toshe. In ya wuce bai tafi ba, a buɗe Disk Cleanup, a danna Clean up system files, a zaɓi Previous Windows installation. Na biyun inuwoyin System Restore ne. A nan Disk Cleanup ɗin, ƙarƙashin More Options, ana share su duka a bar ta ƙarshe.

Kafin a taɓa ko ɗaya, lalle a kwashe hotuna da takardun shige da fice a sa a wani rumbu dabam, domin inuwa cikin na'urar take zaune, in na'urar ta mutu tare za su tafi. Dattawan da idonsu bai ɗaukar ƙananan rubutu, su kawo kwamfutar ran Juma'a bayan salla, samarinmu za su duba, ba a biyan ko sisi.